Barin Gona da Tarakta Zuwa Ƙaramin Gida a Gefen Abuja: Abin da Ake Fara Yi da Abin da Ake Jinkirtawa

Wanda ya daɗe yana riƙe da gona mai hekta goma, ashirin ko hamsin a Kwali, Abaji, Kuje, ko can wajen Keffi da Kagarko, akwai ranar da zai zauna ya buga lissafi ya ga aikin ya fi ƙarfinsa. Gwiwa ta fara ciwo, yara sun kama aiki a gari babu mai niyyar dawowa, kwana a gona ya zama abin fargaba, dizal da taki suna cinye riba. Daga nan sai a yanke shawarar komawa madaidaicin gida a Kubwa, Lugbe, Dutse ko Gwagwalada. Shawarar ba ta da aibu. Inda ake tafka asara shi ne wajen jeranta abubuwa: a sayar da gona kafin a tantance takardun gidan da za a koma, a kai tarakta kasuwa a watan da babu mai nemanta, a loda kayan da suka cika gidan gona a nufi gida mai ɗaki uku. Duk abin da za ka rabu da shi yana da lokacin da yake daraja, kuma damina da rani ne ke tsayar da wannan lokacin, ba ranar da ka gaji ba. Don haka ka ba kanka shekara guda zuwa shekara da rabi.

Takardun gona tukuna

Kafin ka gaya wa dillali ko ɗaya, fito da duk takardar da ta shafi gonar ka shimfiɗa a tabarma: yarjejeniyar saye ta asali, taswirar safiyo, takardar dagaci ko mai unguwa, rasit na harajin ƙasa, da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, idan akwai. Abin da ke hannunka shi zai nuna irin mai sayen da za ka samu da kuma farashin da zai taya.

A nan dole ka san a wace ƙasa gonar take, domin doka ba ɗaya ba ce. Idan tana cikin Nasarawa, Neja ko Kaduna, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ce ke aiki kai tsaye: ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara har hekta 500 don noma, kuma filin da ke da C of O na jiha ba ya sauya hannu a idon doka sai da amincewar gwamna. Idan kuwa tana cikin Babban Birnin Tarayya, sashe na 297 na kundin tsarin mulki ya ɗora mallakar ƙasar duka a kan Gwamnatin Tarayya, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008, a shari'ar Madu da Madu, cewa ta hannun Ministan Abuja ake samun fili a can. Ma'ana, gonar da ka saya daga iyalan Gbagyi da sa hannun dagaci, ko wadda ke da takardar shugaban ƙaramar hukumar Kwali ko Kuje kaɗai, za ta sayu, amma kamfani ko mai neman bashin banki ba zai taya ta da tsada ba. Kada ka ɓoye wannan. Faɗa wa mai saye irin takardar da kake da ita tun ranar farko, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa ya gani ya yarda. Wanda aka rufe shi yakan dawo da lauya bayan shekara biyu.

Sai ka ɗauko safiyo mai rajista ya sake bin iyaka da na'ura, maƙwabta na tsaye. Duwatsun iyaka na siminti sukan tafi a bakin garma, maƙwabci kuma yakan ci kunya biyu ko uku kowace damina ba tare da an lura ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Masu gona da dama suna faɗin "hekta ashirin" alhali eka ashirin suke nufi, wato hekta takwas da 'yan kai, kuma ciniki da yawa ya watse a kan wannan bayan an riga an karɓi kafin alƙalami.

Akwai abubuwan da taswira ba ta nunawa amma suna tayar da rigima: itatuwan ɗorawa da kaɗanya da masu ƙasar asali suka ce ba su sayar da su ba, hanyar da mutanen ƙauye ke bi zuwa rafi, burtalin shanu, kabari, da ɗan yankin da ka ba wani aro yana nomawa. Rubuta kowanne. Wanda ka ba aro ka sanar da shi tun kafin ya yi sharar gona, a gaban shaidu, cewa wannan ce daminarsa ta ƙarshe. Idan gonar ta gado ce ba a raba ba, babu batun sayarwa sai kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi kason kafin bare. Idan sunan mamaci ne a kan takardar, sai an samo takardar kotu ta rabon gado ko ta izinin kula da dukiyar mamaci, wanda shi kaɗai zai iya cin watanni.

Sayarwa duka, yankewa, ko haya

Ba lallai ne a sayar da komai ba. Idan kashi biyu cikin uku na gonar zai sayi gida ya bar canji, riƙe sauran, musamman ɓangaren da ke bakin hanya ko mai fadama, ka ba da shi haya. Sai dai hayar gona ba ta lafiya sai da takarda: shekara nawa, nawa ne kuɗin, ba a gini, ba a sare itace, ba a ba wani haya a kan haya. Shekara ɗaya ko biyu da ake sabuntawa ta fi doguwar yarjejeniya. Kuma gonar da mai ita ba ya leƙawa ko sau ɗaya a wata uku, a hankali takan tashi daga hannunsa. Wanda ya san ba zai iya wannan zirga-zirgar ba, gara ya sayar gaba ɗaya.

Lokacin nuna gona shi ne Agusta zuwa Satumba, tana kore, rafi na gudu, mai saye na ganin abin da ƙasar ke iya yi. Lokacin miƙa ta kuwa bayan girbi ne, Disamba ko Janairu. A rubuta ranar miƙawa, a kuma fayyace cewa amfanin da ke tsaye naka ne. Rijiyar burtsatse, famfonta, tankuna, farantan sola, waya da ƙofar shinge, ɗakin ajiya: a jera su ɗaya bayan ɗaya, a ce wannan na cikin ciniki, wannan zan cire.

Game da dillalai, ɗauki ɗaya ko biyu ka ba su izini a rubuce na wata uku, da farashin da kake so da la'adarsu. Kashi biyar cikin ɗari ne aka saba a cinikin fili, ana kuma iya rage shi idan kuɗin na da yawa. In ka saki maganar a bakin kowa, kafin ta kai ga mai saye na gaskiya dillalai biyar sun ɗora nasu, gonar ta yi tsadar da babu mai tayawa, kai kuma kana zaune kana cewa kasuwa ce ba ta ci. Kafin ka sa farashi, biya mai kimanta kadara mai rajista ya zo ya gani. Kuɗinsa bai kai asarar da za ka yi da farashin da ka ji a majalisa ba.

Taraktar

Wannan ce ta fi wahalar rabuwa, kuma ita aka fi yi wa gurguwar shawara. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375, John Deere 5075E ko New Holland TT75, tsawonta ya haura mita uku da rabi, faɗinta ya kusa mita biyu, nauyinta wajen tan biyu da rabi ko fiye. Filin gida mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne kacal, gini ya cinye rabi. Ko ta shiga ƙofa, za ta farfasa daɓen tsakar gida, hayaƙinta zai haɗa ka da maƙwabta, kuma yawancin rukunin gidaje ba za su bari ta wuce ƙofar shiga ba. Batun "in ajiye ta a gida ko za a buƙata" a cire shi. Taraktar da ta shekara a tsaye batirinta ya mutu, kulocinta ya manne, tayoyi sun tsage, ruwa ya taru a tankin dizal ya lalata famfon mai.

Saura hanya biyu: haya ko sayarwa. Haya tana da daɗin faɗa. Aikin huɗa, haro da rija a wannan yankin daga Afrilu ne zuwa Yuli, sai jigilar amfani da tirela lokacin kaka. Garma mai faifai uku tana cin kamar awa biyu zuwa uku a hekta, dizal kuma wajen lita ashirin, ya danganta da taurin ƙasa. A takarda riba ce. A zahiri, direban da ba a sa masa ido zai yi hekta bakwai ya kawo kuɗin huɗu, ya zuƙe dizal ya sayar, ya bar baƙin mai ya wuce awa 250 ba a canja ba. Idan za ka yi haya, sai da na'urar bin diddigi a jikinta, irin wadda kamfanin Hello Tractor da makamantansa ke sakawa, da littafin da ake rubuta lambar mitar awa safe da yamma, da ɗa ko ƙane da ke zaune kusa da inda take aiki. In babu ɗaya daga cikin ukun nan, sayar da ita.

Watan sayarwa Fabrairu ne zuwa farkon Afrilu, lokacin da manoma da masu haya ke da kuɗin amfanin da suka sayar, suna kuma shirin ruwan farko. Wanda ya fitar da ita a Oktoba 'yan sari kaɗai zai gani. Wato idan a Janairu za ka miƙa gonar, ka roƙi sabon mai ita ko wani maƙwabci a bar maka rumfar taraktar wata biyu ko uku, a rubuce. A wannan zaman, cika tankin dizal don kada raɓa ta taru a ciki, cire kan batir, kifa gwangwani a bakin salansa, danne fedar kuloci da katako, a kuma tayar da ita ta yi minti ashirin duk mako biyu.

Kafin masu saye su fara zuwa, yi mata irin binciken da bakanikensu zai yi mata, don kada ya riga ka ganin aibinta. Tayar da ita da sanyin safiya, injin bai ɗumi ba. Lafiyayyen inji yana kamawa a bugu ɗaya ko biyu. Dubi hayaƙi: shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai, galibi ringi ne suka cinye; baƙi ƙirin na nuna matatar iska ta toshe ko nozul sun lalace, wannan gyaransa da sauƙi; fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ana zargin ruwa na shiga ta gaskit. Zaro sandar awon mai. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da shi. Buɗe murfin zuba mai inji na aiki ka ɗora tafin hannu: ɗan huci ba komai ba ne, amma idan yana turo hannunka da hayaƙi, injin na neman a sauke shi. Ɗaga garma sama ka kashe inji ka jira minti goma sha biyar. In ta sauko ƙasa da kanta, akwai yoyo a cikin haidirolik. Sa ta a babbar giya ka taka birki ka saki kuloci a hankali: ya kamata inji ya mutu, in bai mutu ba kuloci na sulɓewa. Gwada sandar PTO ta baya, wadda ke juya injinan da ake haɗa wa tarakta, ka ga tana shiga tana fita ba ƙara. Sannan ka girgiza tayoyin gaba ka ji ko akwai lilo.

Ƙananan abubuwa ka gyara: baƙin mai da matatunsa, matatar dizal, bel, fitilu, tiyon da ke ɗiga, giris a duk inda ake ɗurawa, wanki mai kyau. Manya kada ka taɓa. Kuɗin sauke inji ko sayen sababbin tayoyin baya ba ya dawowa a farashi. Faɗi aibin ka rage kuɗi. Kada kuma ka yi mata sabon fenti. Duk wanda ya san tarakta, in ya ga fenti a kan tsohon ƙarfe, abin da zai fara tambaya shi ne me aka rufe.

Garma, haro, rija, tirela da injin feshi kowanne a sa masa farashinsa daban. In ka ce "da kayanta duka", mai saye zai taya taraktar ne kawai ya kwashi sauran a matsayin gyara. Auna faifan garma: sabo inci 26 ne galibi, wanda ya cinye ya koma 22 ya kusa ƙarewa. Juya kowane faifai da hannu, mai gurnani boris ɗinsa ya tafi.

Haɗa rasit na saye, takardun kwastan idan daga waje aka shigo da ita, da lambar inji da ta shasi kamar yadda suke a jikin ƙarfen. Idan ta hanyar shirin gwamnati, ƙungiyar manoma ko bashin banki ka same ta, karɓo takardar da ke nuna ka gama biya. Ranar ciniki a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa lambobin nan da abin da mitar awa ke nunawa. Makulli ba ya barin hannunka sai ka ga kuɗin a asusunka ta manhajar banki ko a bakin ma'aikacin banki, ba saƙon waya ba, domin alat na bogi ya yi yawa. Za ka ji ana cewa, "Haba Alhaji, ai an tura, matsalar sabis ce, bari direba ya wuce da ita kafin dare." Amsar ita ce ta kwana a nan. Ɗaukarta kuma a babbar mota, a kan kuɗin mai saye, ya fi a kora ta a titin Lokoja tana tafiyar kilomita 25 a awa tsakanin tireloli.

Dabbobi, hatsi da magungunan feshi

Shanu a sayar da su Oktoba zuwa Disamba suna da ƙiba, kada a kai Maris da Afrilu lokacin da ƙashin haƙarƙari ke fitowa. Raguna a riƙe su zuwa makonni biyu kafin Babbar Sallah in lokacin ya yi daidai, a kai kasuwar dabbobi ta Dei-Dei ko a kira mahauta gida. Shanun da ke hannun makiyayi a ƙirga su tare da shi, a warware rabon 'ya'yan da aka haifa bisa yadda kuka yi alkawari tun farko.

Hatsi yakan faɗi warwas lokacin kaka ya tashi wajen Yuni zuwa Agusta, ko da yake ba kowace shekara ba. In kana da amintaccen wurin ajiya, jinkirta. Wanda za ka kai sabon gida kada ya wuce na ci, buhu biyu zuwa huɗu, busasshe sarai, a cikin buhun PICS mai leda biyu da ba ya buƙatar magani. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa a rumbu, mai fitar da iskar fosfin, kada ta shiga gidan da ake kwana. A gona rumbu na nesa da ɗaki. A gidan gari sito na jikin kicin, kicin na jikin ɗakin yara, kuma iskar nan tana kisa. Haka ragowar maganin ciyawa da na ƙwari: ba wa manomin da zai yi amfani da su a cikin robarsu ta asali mai rubutu. Robar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan a tankin feshi, a huda ta don kada wani ya zuba ruwan sha. Durom na dizal ma a bar shi can.

Ma'aikata kuwa, direba da mai gadi da masu aikin wata, a sanar da su wata uku kafin lokaci, a biya bashin albashi, a yi musu sallama ta mutunci. Ban da hakkin da ke ciki, a watannin ƙarshe ne batir da famfo da faifan haro suke ɓacewa idan mutane suka ji labarin sayarwa a bakin wasu.

Gidan da za a koma

Fara nemansa tun ana damina, kuma kada ka karɓi kuɗin gona gaba ɗaya ka miƙa ta alhali ba ka da inda za ka sa kai. In lokutan ba su haɗu ba, kama hayar shekara guda a unguwar da kake so. Wannan ba asara ba ce: za ka san unguwar da rani da damina kafin ka zuba dukiyarka a ciki.

Ka san cewa ba duk abin da ake kira Abuja ne Abuja ba. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ne, binciken takardunsu a NAGIS, ofishin rajistar filaye na jihar, ake yi. Madalla da Suleja jihar Neja ne. Kubwa, Lugbe, Dutse, Kuje, Karu ta ɓangaren Abuja da Gwagwalada su ne ke cikin Babban Birnin, bincikensu a AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja. Gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya da ke Gwarinpa, Lugbe da Kubwa kuma ana duba fayil ɗinsu a ofishin hukumar. Lauyanka ne zai yi binciken, ba lauyan mai sayarwa ko na dillali ba. Abin da ake nema: sunan wa ke kan fayil, an jinginar da gidan a banki ko a'a, an ƙwace filin ko a'a, filin na zama ne ko an ware shi don hanya ko lambu, akwai izinin gini, kuma an biya harajin ƙasa. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne, domin a 2025 hukumar Abuja ta soke takardun dubban filaye saboda bashinsa. A rukunin gidaje na 'yan kasuwa, sau da yawa takarda ɗaya ce babba a hannun kamfani, kai wasiƙar rabo kawai za a ba ka. A binciki babbar takardar, a kuma tambayi waɗanda suka riga ka shiga ko sun samu tasu.

Je ka ga gidan a Agusta ko Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi. Sassan Lugbe da Lokogoma sun sha ambaliya, kuma duk gidan da ke gangare kusa da rafi abin tuhuma ne. Dubi gindin katanga ko akwai layin laka, dubi fentin da ya kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa, ɗaga kai ka nemi tabon ruwa a silin, buɗe murfin sokawe ka ga ko ya cika da ruwan ƙasa. Auna tazarar rijiyar burtsatse da ramin masai, naka da na maƙwabci; mita 30 ake so, a ƙananan filaye kuwa da wuya a samu, don haka a kai ruwan a gwada kafin a sha. Tambayi mai shagon bakin layi awa nawa ake samun wuta, shi zai faɗa maka gaskiya. Karɓi lambar mita ka je ofishin AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, a duba bashi, saboda a aikace bashin wuta gida yakan bi, ba wanda ya tashi ba. Layin da ke rukunin Band A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, amma tun Afrilun 2024 kuɗinsa ya ninka sau uku da wani abu. Tambayi kuɗin hidima na shekara, na tsaro da shara, da dokokin rukunin game da kaji, awaki da yanka ragon layya.

Ga wanda ya haura sittin, gidan ƙasa ya fi bene, ko da benen ya fi kyau a ido. A duba nisan masallaci da ƙafa, da asibiti: Gwagwalada na da asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja, Kubwa na da babban asibiti da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna. Wanda ya riƙe wani yanki na gonarsa ya zauna a ɓangaren da ke fuskantarta. Mai gona a Kwali ko Abaji ya nemi Gwagwalada ko Kuje. In ya zauna a Mararaba, cunkoson Nyanya kaɗai zai sa ya daina zuwa.

Kuɗin

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta banki ba, don haka duk cinikin nan ta asusu za a yi shi. Kan farashin gida ka ƙara kashi goma zuwa goma sha biyar na la'ada, lauya, rajista da gyare-gyaren shiga. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta sauya yadda ake lissafin harajin ribar sayar da kadara. A sa akanta ya duba kafin a kashe kuɗin.

Kada gida ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ka samu. A gona masara, wake, itacen girki, ƙwai da ruwa ba saye kake yi ba. A gari kowannensu kuɗi ne, ga gas, ga wuta, ga shara, kuma babu kakar da za ta zo ta cike giɓi. Zauna da uwargida ku rubuta abin da gidan zai ci a wata, ku ninka sau ashirin da huɗu, wannan a ware shi. Sauran kada ya kwanta a asusun ajiya: hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuma inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, naira miliyan biyar take rufewa ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci guda. Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa da ake fitarwa tun 2017, da ajiyar bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna nan ga mai gudun riba. Gona da tarakta ba a fitar musu da zakka, amma kuɗinsu in ya kai nisabi ya shekara a hannu ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Rubuta ranar da kuɗin ya shigo ka kai wa malami. Sannan ka shirya wa 'yan uwa da masu kawo "harka mai riba", domin labarin an sayar da gona ba ya ɓuya. Amsa ɗaya ta isa: kuɗin na gida ne, an riga an ɗaure shi.

Kaya da tashi

Auna kowane ɗaki na sabon gidan da tef, da faɗin ƙofofi, ka zana a takarda. Abin da bai samu wuri a takardar ba, ba zai hau mota ba. Manyan kujeru, gadaje na ƙari, tukwanen biki, babban janareta na dizal, injin niƙa da injin casa, a sayar ko a rabar tun wata biyu kafin tashi. Daga kayan aiki, abin da zai yi amfani shi ne fartanya biyu, adda, shebur, manjagara, baro, tiyo, tsani, akwatin sifana, da ƙaramin injin feshi na goyo. Farantan sola da batura in za a cire, mai aikin lantarki ya sa wa kowace waya alama kafin ya kwance. Takardun gona, na gida da na banki su tafi a jikinka, ba a bayan mota ba. A yi tashin da rani, a fita da asuba, a kuma sanar da masu gadin rukunin tun jiya, don wasu ba sa barin motar kaya ta shiga da yamma ko ranar Lahadi.

Hannun da ya saba da ƙasa ba zai zauna haka nan ba, don haka tun wajen zaɓen gida a duba wanda ba a shafe bayansa duka da siminti ba. Mita huɗu da shida sun isa kunya huɗu na alayyafo, tumatir, attarugu da kuɓewa, da zogale biyu a jikin katanga ana sare kansu a tsayin ƙirji. Ƙasar sababbin unguwanni yawanci jar ƙasa ce da ɓaraguzan gini, saboda haka a motar ƙarshe a sako buhu goma na baƙar ƙasar gona da biyar na ruɓaɓɓen takin shanu. In tsakar gidan duk daɓe ne, a yi shuka a buhunan taki da aka wanke aka huda gindinsu, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki. Mangwaro da darbejiya kada a dasa su ƙasa da mita biyar daga gini ko sokawe, saiwarsu na fasa bututu. Gwanda da lemun tsami sun fi dacewa da ƙaramin fili. Daga Nuwamba zuwa Maris lambu irin wannan zai sha kamar lita ɗari a rana, don haka a sa shi cikin lissafi wajen sayen tanki: mai lita 2,000 zai ɗauki gida da lambun in ana samun turo ruwa kullum, in kuwa sai bayan kwana biyu ake samu, a sa biyu.